Tsokar da Inna Ta Binne a Gindin Rumbu

Kwananmu uku da sauka Alƙahira likita ta tambaye mu wani abu da muka baro a ƙarƙashin ƙasa, a gindin rumbun Inna. Har yau in na tuna yadda na tsaya a gaban matar nan baki buɗe, ni da aka zaɓo don wai ni ce mai ilimin gidan, sai in ji raina ya ɓaci sabo.

Sunana Hindatu. Malamar firamare ce ni a ƙauyenmu, tsakanin Dawakin Tofa da Watari, inda gonar wannan take ƙarewa a jikin dangar wancan. Yayana Auwalu shi ne ɗan farin Inna. Manomi ne, da damina gero da wake, da rani albasa da tumatir a bakin ruwan Watari, kuma duk kaka shi yake kai waken gidanmu kasuwar Dawanau. Kaluluwa ce ta fito masa a wuya ta ƙi sacewa, wata ta biyo ta a hammata. A wani asibiti a Kano aka yanki ta wuyan aka auna, aka ce kansar kaluluwa ce, wadda likitoci suke kira limfoma. Sau huɗu ana yi masa ƙarin ruwan maganin kansa da ake kira kemo. Na waje suka sace, muka yi ta murna, ashe na cikin ciki suna nan suna girma abinsu. Da dangi suka yanke shawarar a fita da shi Masar, ni aka haɗa shi da ni saboda Turanci.

Wanda ya tarbe mu wani ɗan ƙasarmu ne da ake kira Ustazu Nura. Ya shekara da shekaru a can, aikinsa kai marasa lafiya asibiti da yi musu tafinta. Jallabiya fara tas, ƙamshin turare tun daga nesa, waya uku a hannu, carbi a ɗayan. Ban taɓa ganin mutumin da kalmar "da sauƙi" ta zauna wa a baki kamar shi ba. Ya kai mu masauki a hawa na shida, a gidan da lif ɗinsa ya mutu tun ban san yaushe ba. Mutumin da ko zuwa masallacin ƙofar gida sai ya huta a hanya, shi aka ce ya hau wannan bene. A hawa na uku Yaya ya zauna a kan matakala yana haki, gumi yana zuba. Ustazu ya dube shi ya ce, "Da sauƙi, Alhaji, motsa jiki ne, ai ma likitoci suna so." Na haɗiye abin da ya zo min baki, don baƙuwa ce ni, kuma fasfo ɗinmu yana aljihunsa.

Tun a ranar ya shimfiɗa mana tsarinsa. Dashen ɓargo za a yi. Za a ba Yaya kemo mai ƙarfin da ya ninka na Kano, a killace shi a ɗaki shi kaɗai, a kashe ɓargon a mayar masa da wanda aka tace. Wata huɗu, ko biyar, ko abin da ya fi haka. "Daga nan sai ya tashi garau kamar ba a yi ba." Yaya ya bari sai da Ustazu ya fita. Sannan ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Ke nan bana ba ni ba shuka, ba ni ba girbi." A lokacin bazara ta yi nisa, a gida kowa yana sharar gona yana duban gabas.

Ranar da muka je asibiti, Ustazu ya nuna min benci a bakin ƙofa. "Malama, ki jira a nan, maganar maza ce." Na ce masa ban baro ɗalibai sittin a aji don in zo in ɗumama bencin Masar ba. Na bi bayansu na shiga, kuma ashe likitar ma mace ce. Gajeriya, furfura tana leƙowa ta gefen ɗankwalinta, tabarau a kan karan hanci. Ta daɗe tana juya takardun da muka zo da su. Da ta ɗago, ni ta duba, ta yi Turanci a hankali don in gane.

"Ina tsokar da aka yanka a wuyansa? Wadda aka daskarar a cikin kaki."

Na san abin da take nufi nan take.

Ranar da na je karɓar sakamako a Kano, ta taga aka miƙo min. Mutumin da yake bayan tagar yana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya turo takarda, ya turo wata ambulan mai ɗan nauyi. A ciki akwai wasu 'yan robobi guda biyu, kowanne bai fi akwatin ashana ba, da kaki daskare a jiki, a tsakiyar kakin wani ɗan abu launin ƙasa. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Naman ɗan'uwanku ne. Na gaba!" Iyakar bayanin da aka yi min ke nan. Bai ce a adana ba, bai ce za a sake nema ba, bai ce komai ba.

To a gidanmu, abin da ya fita daga jikin mutum ba a yar da shi, ba a kuma ajiye shi a kan tebur kamar kayan ado. Farce ma in an yanke turbuɗe shi ake yi, balle tsoka. Da Inna ta ji abin da yake cikin ambulan, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗauki fartanya ta nufi gindin tsohon rumbu, daidai inda aka binne cibiyar Yaya shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Ni, mai takardar koyarwa, ni na riƙe mata butar da aka yayyafa wa wurin ruwa.

Na faɗa wa likitar gaskiya. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi tsaki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta cire tabarau ta murza idonta, ta jawo farar takarda, ta zana da'ira.

Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowacce akwai rubutun halittar da take bi. A cikin rubutun nan akwai wani sashe da aikinsa gadi. In ƙwaya ta lalace, shi yake tsayar da ita, in ta ƙi gyaruwa ya sa ta mutu kafin ta hayayyafa. Sunansa ma ba suna ba ne, haruffa biyu ne da lamba, ta rubuta min TP53 a gefen zanen. Ta ce kemo yana raunata ƙwayoyin cutar, amma sau da yawa mai gadin nan ne yake ƙarasa aikin. In shi kansa ya lalace a cikin ƙarin, wato kumburin kansar, to irin limfomar da Yaya yake da ita ba ta cika jin kemo ba komai ƙarfinsa, kuma ko an yi dashen ɓargo cutar kan dawo da wuri.

"Yadda ta ci gaba da girma bayan kemo huɗu ya sa ina zargi," in ji ta. "Ba zan kulle shi a ɗaki wata da watanni, in ba shi wahalar da za ta iya kashe shi, ban san amsar wannan ba."

Na tambaya ko ba za a yanki wata sabuwa ba. Ta nuna min hoton cikinsa. Waɗanda suka rage suna can ƙurya, manne da babbar jijiyar jini, ga jininsa ya yi ƙasa. Ta ce in babu makawa za a yi kasadar, amma tsohuwar tsokar ta fi mata.

Duk wannan bayanin Yaya yana zaune yana kallon bakinmu. Ya juya wajen Ustazu. "Me ta ce?"

"Ta ce da sauƙi. Wata 'yar takarda ce ta rage."

Ban ƙaryata shi ba. Ba tsoron Ustazu ne ya hana ni ba a wannan karon. Ni ma ai abin da nake yi ke nan tun a Kano. A wajenmu ba a duban marar lafiya a gaya masa ciwonsa ya yi tsanani, sai dai a ce jiki ya yi kyau, Allah ya ƙara sauƙi. Wata shida ina tace wa Yaya maganar likitoci, ina ba shi ruwan ina zubar da tsakin. Da na ji wani yana yi a gabana, da muryarsa mai santsi, sai abin ya yi min muni.

Muna fita Ustazu ya canja fuska. Wai matar nan iyayi ne ya yi mata yawa. Wai akwai wani asibiti a ƙetaren kogi da za su fara aiki jibi ba tare da wani tone-tone ba. Na ce sai an yi awon. Kafin la'asar waya ta fara shigowa daga gida. Kawunmu, ƙanen Inna, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba. "Hindatu, me nake ji? An ce ke kika hana a fara yi wa yayanki magani? Boko ne zai sa ki fi likitocin Masar sani?" Ashe Ustazu ya riga ni. Daga baya na ji cewa duk wanda Ustazu ya kai aka yi wa dashe, yana da kasonsa a kuɗin. Ban yi mamaki ba, amma na yi kuka, kukan haushi, a banɗaki, na buɗe famfo don kada Yaya ya ji.

Washegari da hantsi na kira matar Yaya na ce ta kai wa Inna wayar.

"Inna, abin nan da muka binne a gindin rumbu, likita tana nema."

"Tana nema ta yi me da shi?"

"Za ta auna. Shi zai nuna maganin da ya dace."

"Su da suke da shi gaba ɗayansa a gabansu, sai ɗan abin da ke cikin ƙasa? Ke Hindatu, ki kiyaye ni. Tun da nake ban taɓa jin an tono abin da aka rufe ba. Ni kura ce?"

Ta miƙa wa mai waya wayarta. Kwana uku ina kira tana cewa a ce tana salla, ko da kuwa rana tana tsaka.

Sai na faɗi wani abu game da Inna, don wanda bai san irin gidajenmu ba zai ce ko ba ta damu ba ne. Yaya ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya, a iya sanina. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa doguwar magana. Ranar da za mu taho, kowa ya fito rakiya, ita tana bayan gida tana sussukar da ba ta da gaggawa. Binne tsokar nan kusa da cibiyarsa shi ne abu mafi kusa da runguma da na taɓa ganin ta yi masa. Ga shi ni kuma na ce ta tone.

A rana ta huɗu Yaya ya ce in ba shi wayar. Ban san me ya fahimta ba, amma ya ga ina ta faman kira, ya ga na daina gaida Ustazu da fara'a.

"Inna, ni ne. Ina kwana."

Can ƙasa na ji ta ce, "Lafiya. Ya jikin?"

"Da godiya. Inna, aron abin nan nake so ki ba ni. Aro ne. Zan dawo miki da shi da hannuna."

Ta mayar wa mai waya wayarta. Amma da azahar matar Yaya ta kira tana magana ƙasa-ƙasa. Wai Inna ta kori kowa daga tsakar gida, ta sa an janyo ƙyauren zaure, ta ɗauki fartanya ita kaɗai. Ashe ranar da muka binne akwai abin da ban lura da shi ba, don ta juya min baya lokacin da take shiryawa. Ta naɗe robobin a farin ƙyalle, ta saka a leda, ta cusa a gwangwanin madarar gari mai murfi, ta danne. Wai ba za ta bari gara ta ci naman ba.

Saura yadda zai iso. Nan ne na ga alherin mutumin da ban sani ba. Wata Hajiya 'yar kasuwa, mai zuwa saro abaya, ita aka roƙa ta hanyar 'yar'uwar maƙociyar wani. Ba ta taɓa ganinmu ba. Ta ce a kawo, tafiyarta saura kwana tara.

Kwana taran nan sun fi min wata tsawo. Gari ne da ba ya yin shiru, ƙarar mota daga asuba har asuba, ga ƙura mai maiƙo da take manne wa labule. Larabcin Islamiyyar da nake taƙama da shi, in na yi a kanti sai mai kanti ya kira ɗan'uwansa su zo su ji, wai ina magana kamar mai huɗuba. Burodinsu ya ishe mu. Yaya ya daina ci, sai shayi. Wata rana maƙociyarmu ta hawa na shida, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da muke haɗuwa a matakala kowa yana haki, ta ƙwanƙwasa ƙofa ta miƙo kwano. Na buɗe na ga koriyar miya mai yauƙi. Lalo! Na rantse lalo ne, sun dai cika masa tafarnuwa. Na samo garin masara na tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya da bayan ludayi. Ranar Yaya ya ci har ya side hannu, ya ce, "Ashe su ma mutane ne."

Sau ɗaya ya yarda ya sauko muka je kasuwar kayan miya. Ya tsaya gaban mai albasa, ya ɗauki ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya shinshina. "Ruwa ya yi mata yawa, ba za ta yi ajiya ba." Mai albasa bai ji ko kalma ba, amma ya gane ya haɗu da ɗan sana'a, ya yi dariya ya cika masa hannu kyauta. A hanyar komawa Yaya ya ce, "An ce jiya an yi ruwa a Dawakin Tofa. Bai kai na shuka ba." Kullum sai ya kira ya tambayi ruwa kafin ya tambayi yara.

Ustazu kuwa bai fasa ba. Kullum sai ya hawo da sabon labari: wane da aka yi wa dashe ya koma yana buga ƙwallo, gadon da aka tanadar wa Yaya za a ba wani. Ya daina kallona in yana magana. Ni ma na daina ba shi ruwa.

Hajiya ta iso ranar wata Talata. Ta hawo benen nan da kanta, tana tsine wa wanda ya gina shi. Ta zaro gwangwanin daga jakar hannunta, daga tsakanin ƙullin daddawa da yaji. "Ga amanarku. Ban saka a kaya ba, a cinyata ya zo." Ko shayi ta ƙi tsayawa ta sha. Har yau ban san cikakken sunanta ba, amma ba na salla in manta da ita.

Da na ajiye gwangwanin a teburin likita, da sauran jar ƙasar gidanmu a bakin murfin, duk ofishin ya ɗauki warin daddawa. Ta buɗe, ta warware ƙyallen a hankali, ta ɗaga robar ta duba a hasken taga. Ta ce, "Wa ya naɗe wannan?" Na ce mahaifiyarsa. Ta ce, "Ki gaya mata ta fi wasu asibitoci iya ajiya. Ba ruwa, ba zafi. Da a ɗakin kwano aka bar shi cikin zafin ƙasarku, ban san me zan tarar ba."

Muka sake jiran mako biyu. A cikinsu aka yi ruwan shuka a gida.

Ranar sakamako mu uku muka shiga. Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Mai gadin ya lalace. Ta ce da wannan, ba ta ba da shawarar kemo mai ƙarfi da dashe ba, wahalar tana da yawa, amfanin da ake sa rai kaɗan ne. Akwai ƙwayoyin sha da suke bi wa cutar ta wata hanya dabam. Ba warkarwa suke yi ba, riƙewa suke yi na wani lokaci, kuma ba ta san tsawonsa ba. Zai iya sha a gida, likitan Kano yana duba jininsa.

Yaya ya juya wajen Ustazu, kamar yadda ya saba.

"Alhamdu lillahi, Alhaji. An gano bakin zaren. Ta ce da sauƙi, sai dai nan ba su da kayan aiki, gara mu hanzarta zuwa wancan asibitin a yi dashen."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ƙarya kake yi! Wallahi ƙarya kake yi, Nura!" Ko Ustazun ban saka ba. "A gabana? Da kunnena? Mutum ya baro uwarsa da 'ya'yansa da gonarsa, ɗan kwanan da ya rage masa kake so ka kulle a ɗaki a ƙasar da ba mai yi masa sannu da harshensa? Ka ji tsoron Allah, carbin nan da kake ja zai yi shaida a kanka!" Muryata har waje. Wata nas ta leƙo. Likitar ba ta jin Hausa, amma ba ta tambayi me ake ciki ba, ta dai nuna wa Ustazu ƙofa da biro.

Sai da ya fita na gane abin da na faɗa. Ɗan kwanan da ya rage masa. Na faɗa da bakina, Yaya yana zaune.

Ya bar ni na zauna. Sannan ya ce, "Hindatu, shekara ashirin ina kai wake Dawanau. Na san mudun da aka bubbuge wa gindi ko daga nesa. Tun a Kano kike auna min da shi. Yau ki cika min. Faɗa min yadda ta faɗa."

Na faɗa masa. Ban rage ba, ban sa suga ba. Na jawo takardar nan mai zanen da'ira na nuna masa mai gadin, na ce nasa ya lalace a cikin ƙarin, shi ya sa kemo ya ƙi ci. Ina yi hawaye yana zuba, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar ana yi masa bayanin taki.

"Tambaye ta, su Abba za su gada?" Yaransa yake nufi.

Likitar ta ce ga dukkan alamu a cikin ƙarin ne lalacewar ta faru, daga baya, ba abin da aka haife shi da shi ba ne, ba kuma laifin wani abu da ya ci ko ya yi ba. Ya sauke numfashi.

"Tambaye ta, zan ga kaka?"

Ta ce tana sa rai, amma ba ta yi alkawari ba.

"Ta baɗi fa?"

Wannan ba ta bari na fassara amsarta ba. Ta dube shi ta ce, "Allahu a'alam." Ya yi murmushi, don wannan Larabcin kowa ya iya.

"To ki ce mata na gode. Ita ce mutum ta farko da ta ɗauke ni babba tun da na kwanta. Ki ce ta rubuta ƙwayoyin, gida za ni. Kuma ta ba ni gwangwanina, aro na karɓo."

Fasfo ɗinmu sai da na je na zauna a ƙofar masallacin da 'yan ƙasarmu suke Juma'a, na fara ba duk wanda ya fito labari da ƙarfi, sannan Ustazu ya aiko da su. Kawu kuwa wata biyu ba ya amsa gaisuwata, wai na dawo da mutum ba a yi masa aiki ba. Har yanzu akwai masu faɗin haka a dangi. Su faɗa.

Mun tarar gero ya kai gwiwa. Yaya ba shi da ƙarfin noma, amma kullum da safe ana kai masa tabarma gindin marken da ke bakin gona, yana zaune yana faɗa da masu kama masa aiki. Ƙwayoyin suka karɓe shi, har ya yi ƙiba. Ya ga kaka, ya bi motar wake zuwa Dawanau da kansa, ya dawo yana zagin farashi. Da rani ya dasa albasa a Watari.

A cikin wannan lokacin na koma tagar nan ta Kano. Mutumin yana nan. Na ce masa, "Malam, in ka miƙa wa mutane robar nan, ka ce musu su adana, za a iya nema. Kalmomi kaɗan ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba aikinsa ba ne. Na samo kwali na rubuta da Hausa da manyan baƙi, na manna a jikin bangon da ke gefen tagar. Da na koma bayan wata guda an cire. Na sake manna wani.

Gwangwanin kuwa, ranar da muka dawo Yaya ya kai shi ƙofar ɗakin Inna, ya durƙusa ya ajiye. "Ga aron, Inna. Amma likita ta ce kada a mayar ƙasa tukuna, ko za a sake nema." Ba ta dube shi ba. Ta ce min, "Ce wa yayanku na gani." Ta ɗora shi can saman jeren kwallayenta, inda ba mai taɓawa.

Ya ga shukar daminar da ta biyo baya. Bai ga girbinta ba. Kaluluwar ta dawo lokacin da gero yake fitar da kai, ta dawo da sauri, kamar yadda likitar ta ce tana iya yi. Ya rasu wata safiya a ɗakinsa, kansa a cinyar matarsa, yaransa a gefe, ana jin masu tafiya gona suna wucewa ta bayan danga.

Maza suna ɗaki suna yi masa wanka, mu mata muna zaune a tsakar gida, sai Inna ta tashi ta shiga ɗakinta. Ta fito da gwangwanin. Ta buɗe, ta zaro ƙullin farin ƙyallen, ta ratsa mata har bakin ƙofar da ake wankan. Kawu ya leƙo. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ku haɗa wa Auwalu da abinsa," in ji ta. "Kada ya tafi da saura."

Ni da nake 'yarta, shekara talatin da takwas a duniya, ranar na fara jin sunan a bakinta.